Ta yaya ake bambance saɓanin al'ada da rashin tarbiyya a tsakanin matasa?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma abokaina sun ɗora mini shugabancin wata 'yar ƙungiya ta matasa da muka kafa a unguwarmu, wadda aikinta shi ne koya wa yara karatu da yamma da kuma yashe magudanan ruwa kafin saukar damina. Yawancinmu haifaffun garin nan ne, amma da yake karatu yana kawo matasa daga kowace jiha, a cikinmu akwai ɗan Agadas, da ɗan Yamai, da 'yan Difa biyu, da wata Bafulatana wadda iyayenta suke zaune wajen Tanut. Da Hausa muke magana kuma kowa yana jin ta sarai, duk da haka rashin jituwa yana neman ya raba mu.

Kwanan baya mun je gaida mai unguwa domin mu nemi izininsa kafin mu fara aikin magudana. Da muka isa zaure, mu 'yan gari muka tuɓe takalma, muka durƙusa, muka yi gaisuwa kamar yadda aka saba. Ɗan Agadas ya tuɓe nasa takalmin, amma bai durƙusa ba. Ya koma gefe, ya ja rawaninsa ya rufe baki da hanci, ya sunkuyar da ido, bai ce uffan ba har muka fito. Muna fitowa wasu suka ce wannan girman kai ne. Kafin mu tashi kuma an aiko mana da fura daga cikin gida, kowa ya sha ban da Bafulatanar, wadda ta ce a ƙoshe take alhali tun safe muke tare ba ta sa komai a bakinta ba, sai aka ce ƙyamar abincin mutane take yi. Na uku shi ya fi damuna. A taronmu na ƙarshen wata, ma'ajinmu, wanda ya girme mu duka, yana cikin karanto lissafin kuɗin gudummawa sai ɗan Yamai ya katse shi, ya dube shi cikin ido, ya ce masa cikin Faransanci lissafin bai yi daidai ba. Da aka sake dubawa an tarar da kuskuren, amma tun ranar ma'ajin bai sake zuwa taro ba.

Yanzu mun rabu gida biyu. Wasu suna cewa al'adarsu ce, a ƙyale kowa ya yi yadda ya taso. Wasu kuma suna cewa rashin tarbiyya ba shi da ƙabila, kuma duk wanda ya zo gari wajibi ne ya bi al'adar garin. Ni kuwa ina tsoron kada in yi wa wanda bai yi laifi ba faɗa, ina kuma tsoron kada in yi wa mai laifi uzuri da sunan al'ada. Da wane ma'auni ake gane cewa abin da mutum ya yi bambancin al'ada ne, da wane kuma ake gane cewa halinsa ne kawai?

Tsohon Mushe ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka a kan wannan aiki da kuka ɗauka. Na koyar a makarantun firamare na jihar nan, daga ƙasar Magarya har Gure, shi ya sa ake ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, kuma irin wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a wurina.

Kafin in zo kan ma'aunin da kake nema, ina so masu cewa baƙo ya bi al'adar gari su tuna wane irin gari suke magana a kansa. Gidan sarautar Damagaram daga wajen Barno asalinsa yake, kuma masarautar ta daɗe tana ƙarƙashin Barno kafin ta tsaya da ƙafafunta a ƙarni na 19. Sarautu irin su Ciroma da Kaigama da Shatima daga Barebari aka gaje su. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni, wato tsohuwar unguwar gidan sarki, da ganuwa, ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus ya ratsa Abzin ya sauke kaya a nan, wani kuma ya zarce Kano. Unguwar Zengu kanta ta samo asali ne daga masaukin fatake da Abzinawa masu ayari. Turawan Faransa sun ci garin a 1899, daga baya suka mai da shi hedkwatar mulkinsu har zuwa 1926 da suka koma Yamai, wannan kuma ya jawo ma'aikata da sojoji daga wasu ƙasashe. Ba abin mamaki ba ne a ce kakannin wannan yaro na Agadas sun riga kakannin wasu daga cikinku sanin hanyar Zengu.

A wurin Abzinawa namiji ne yake rufe fuska, kuma rawaninsa yana hawa yana sauka gwargwadon wanda yake gabansa. Idan yana cikin tsararrakinsa yakan sassauta shi har baki ya bayyana, idan kuwa ya zo gaban dattijo ko suruki sai ya ja shi ya rufe hanci, ya rage magana, ya kauce wa haɗa ido. Abin da yaron nan ya yi a zauren mai unguwa shi ne iyakar girmamawar da aka koya masa a gidansu, ku kuma da yake durƙuso kuke jira, ba ku gan ta ba. Ina kyautata zaton shi kansa mai unguwar, idan dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, ya gane abin da aka yi masa.

Haka batun yarinyar yake. Fulani suna ɗaukar nuna yunwa ko ƙishirwa ko zafin ciwo a gaban mutane abin kunya, balle budurwa ta ɗaga ludayi a gaban maza da dattawa a gidan da ba nasu ba. Da an ce ta shiga cikin gida wajen mata, aka ajiye mata furar aka kau da kai, da wataƙila ta sha. Mu ma Hausawa ba mu rasa irin wannan ba, domin har gobe akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, akwai kuma surukin da yunwa za ta kusa kashe shi bai ci abinci a gaban uban matarsa ba. Ba wanda yake cewa waɗannan ƙyama suke yi.

Ma'aunin da na yi aiki da shi a aji shi ne wannan: ka dubi yadda yaro yake yi wa manyan gidansu. Idan abin da ya yi wa naku babban shi yake yi wa kawunsa da kakansa, to al'ada ce, ba ku da hujjar fushi. Idan kuwa a gaban nasa manyan yana nutsuwa, sai a gaban naku ne yake sakin jiki, to raini ne ko da wace ƙabila ya fito. Da wannan ma'auni na wanke ɗan Agadas da Bafulatanar, amma ɗan Yamai ban sama masa mafita ba. Na zauna da Zabarmawa, mun yi aiki makaranta ɗaya, kuma ban taɓa ganin gidan da aka yarda yaro ya katse babba yana cikin magana ba. A ganina wannan yaro yana bukatar a ja masa kunne.

Malama 'Yar Zengu ta amsa:

Ina gaida Baba Mushe, kuma na amfana da bayaninsa a kan rawani da fura, ba ni da abin ƙarawa a can. Sai dai, tare da girmamawa, ina ganin an yi wa ɗan Yamai hukunci da wuri. Ni fannin nazarin zamantakewa na karanta, kuma aikina yana haɗa ni da matasa kullum, shi ya sa nake so in ja hankalin ƙanena mai tambaya zuwa wani ɓangare.

Idan muka ce al'ada, hankalinmu yakan tafi kan ƙabila kaɗai, alhali makaranta ma tana da tata al'adar, haka ofis, haka babban birni. Yaron da ya taso a Yamai, ya yi makarantar da ake ba da maki ga wanda ya ɗaga hannu ya gano kuskure a kan allo, ya saba da tarurrukan da ake rubuta rahoto ana sa hannu, an koya masa cewa lissafin kuɗin jama'a a gaban jama'a ake gyara shi, kuma yin shiru a kansa cin amana ne. Ba Zabarmancinsa ne ya yi magana a taron nan ba. Da ɗan Maraɗi ne ko ɗan Tawa da ya bi irin wannan hanya, da abin da zai yi ke nan. Komawarsa Faransanci ma ba lallai ne burga ba, domin da yawa daga cikinmu da shi muka koyi lissafi, kuma da zarar an zo kan lambobi harshe yakan zame can ba da niyya ba. A ɗaya ɓangaren, ma'ajin ya taso a inda mutuncin babba yake gaba da gyaran lamba, inda ake bari a watse sannan a bi mutum gida a ce masa, "Yaya, kamar akwai wurin da ya kamata mu sake dubawa." Kowannensu yana kare wani abu mai daraja.

Wani masanin ɗabi'un al'umma ɗan Amurka, Edward Hall, wanda ya horar da jami'an diflomasiyyar ƙasarsu a shekarun 1950, ya yi bayanin wannan a 1976. Ya ce a wasu al'ummomi yawancin saƙo yana cikin kalmomin da aka furta, a wasu kuma yawancinsa yana cikin yanayi: wane ne ya faɗa, a gaban wa, da wace murya, bayan wace gaisuwa, me kuma aka ƙi faɗa. Mu a nan muna cikin kashi na biyu. Kowa ya san idan ka roƙi mutum abu ya ce "to, sai mu gani" ya kau da kai, ya riga ya ba ka amsa, kuma sake tambayarsa tozarta shi ne. Wanda ya taso a tsarin farko kuwa zai tafi yana jiran alkawari, idan bai gani ba ya ce an yi masa ƙarya. Amma ina gargaɗin ƙannena masu karatu da kada su haɗiye irin waɗannan rabe-rabe ba tauna. Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan da ya yi suna wajen auna al'adun ƙasashe da lambobi, da ma'aikatan kamfanin IBM ya yi bincikensa, kuma da ya zo kan Afirka ta Yamma sai ya haɗa Gana da Najeriya da Saliyo a matsayin yanki ɗaya. Ma'aunin da ya kasa raba Akara da Kano ba zai gaya maka abin da ya raba ɗan Birni da ɗan Tesker, da suke cikin jiha ɗaya, ba.

Ma'aunin Baba Mushe yana da kyau, sai dai yana da wuyar aiki a wurinku, domin ba ku taɓa ganin waɗannan yara a gidajensu ba, kuma matashin yau yakan ɗauko al'ada biyu ko uku a tare: ta gida, da ta makarantar allo ko ta boko, da ta waya. Saboda haka nake ƙara ma'auni na biyu, wato abin da mutum ya yi bayan an sanar da shi. Ka keɓe da ɗan Yamai, ka gaya masa cewa gyaransa daidai ne kuma ƙungiya ta amfana, amma hanyar da ya bi ta kunyata mutumin da ya girme shi. Idan ka ga jikinsa ya yi sanyi, ya tambayi yadda zai gyara, to da ma rashin sani ne. Idan kuwa ya ce shi gaskiya ya faɗa kuma bai ga abin ban haƙuri ba, to a nan hali ya shigo, sai ka yi masa maganar da ake yi wa mai hali. Kada kuma ka manta da ma'ajin, domin shi ma yana bukatar ya ji cewa ba wanda ya zarge shi da cin kuɗi. Daga yanzu ku sa mutum biyu su duba lissafi tare da shi kwana ɗaya kafin taro, ta yadda duk kuskuren da ke ciki zai mutu a ɗaki.

Ɗan Abzin ya amsa:

Ina gaida Baba Mushe da Yaya Malama. Ni ba wanda ake magana a kansa ba ne, amma daga Agadas na zo garin nan karatu, don haka ina so in faɗi yadda abin yake daga ɗaya gefen.

Ɗan'uwa mai tambaya, a cikin labarinka mutum uku ne aka sa a sikeli, kuma dukansu baƙi ne. Ba wanda ya tambaya ko akwai abin da ku 'yan gari kuka yi da ya yi musu nauyi. Wannan ba laifinka ba ne, domin duk inda mutane suka fi yawa sukan ɗauki tasu ɗabi'ar a matsayin yadda kowane ɗan Adam yake yi, ta saura kuma ita ce ake kira al'ada. A gidanmu ba a tambayar babba sunansa kai tsaye, ba a kuma ambaton sunan wanda ya rasu a gaban 'ya'yansa, amma a nan mutum zai tare ka ranar farko ya tambaye ka sunan mahaifinka, ko yana raye, da abin da yake yi. Na san sarai cewa neman kusanci ne, duk da haka a farkon zuwana sai in ji kamar an yaye mini rawani a kasuwa. Haka kuma a wajenmu mace tana zama cikin taro fuskarta a buɗe, ta yi magana a saurare ta, kuma a daji tanti nata ne, saboda haka idan na tsaya ina hira da abokiyar karatu a fili ban ga abin ɓoyo ba, sai daga baya in ji an kai maganar wani wuri.

Akwai kuma nauyin harshe. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10, ciki har da Tamajak da Fulatanci da Barbarci da Tubanci da Zabarmanci, sannan a 2025 aka ayyana Hausa ita kaɗai a matsayin harshen ƙasa. Ba ni da ja a kan haka, domin ko a Agadas da Hausa ake ciniki a kasuwa. Amma ku sani cewa wanda yake magana da harshensa na biyu ko na uku yakan rasa 'yan kalmomin nan da suke tausasa zance, sai maganarsa ta fito a bushe ko ya gwammace ya yi shiru. Shirun da kuke gani a taro wani lokaci neman kalma ne. Matasa nawa ne kuma a cikin ƙungiyarku suka taɓa tambayar yadda ake gaisuwa da harshen abokan nan nasu? Gaisuwar safe kaɗai, ko da an karya ta, tana sauke rabin nauyin da ke zuciyar baƙo.

Ban ce baƙo ba shi da aiki ba. Ni yanzu idan na shiga zauren dattijo nakan rusuna, sannan in ja rawanina, in haɗa biyun, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Abin da nake roƙo shi ne a gaya mana tun kafin a shiga zaure, ba bayan an fito ba, kuma a gaya wa mutum shi kaɗai. Sannan a daina mai da mutum ɗaya wakilin ƙabila sukutum, a ce "ku Abzinawa haka kuke," domin mu ma a cikinmu akwai ɗan birni da ɗan daji, akwai mai kunya da mara kunya. Irin wannan hira kuwa ba a taro mai ajanda ake yin ta ba. Ku kira su fada, wato majalisar hirar matasa, da dare, a ɗora shayi, kafin a kai kofi na uku za ka ji abin da ba za su taɓa faɗa a gaban mai rubuta rahoto ba.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Yaya da ɗan'uwa. Na keɓe da ɗan Yamai kamar yadda Yaya Malama ta ce, kuma shi da kansa ya nemi in raka shi gidan ma'aji bayan sallar Juma'a. Sai dai wata sabuwa ta taso a rukuninmu na WhatsApp. Ɗaya daga cikin 'yan Difa, wanda Babarbare ne, ya rubuta wa Bafulatanar cewa tun da baiwarsa ce, gobe ta zo ta ɗaukar masa shebur. Ta mayar masa da wadda ta fi ta zafi, kowa ya yi dariya. Sai wani abokinmu Bahaushe ɗan gari ya shiga, ya maimaita mata kalmar, ya ƙara da maganar nono da bin shanu. Ba ta ce komai ba, ta fice daga rukunin. Shi kuma yana cewa bai ga dalilin da za a yi wa wani dariya a yi fushi da shi a kan kalma ɗaya ba. Me zan ce masa, kuma ta yaya za mu dawo da ita?

Tsohon Mushe ya amsa:

Ɗana, da farko na karɓi gyaran 'yata Malama a kan yaron Yamai, tun da ga shi ya nemi hanyar gidan ma'aji da ƙafarsa.

Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani tsohon abu ne, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Arawa, da Zabarmawa da Gobirawa, da kuma tsakanin ɗan mace da ɗan namiji a cikin dangi. Ƙasarmu ta yi suna da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amma wasan nan yana da masu shi. Wanda yake da ikon ya kira ka bawansa, shi ne kuma wanda aka ɗora wa nauyin kada ya cuce ka, ya taimake ka idan ka shiga wahala, ya shiga tsakani idan ka yi rigima da wani. Ikon tsokana da wannan nauyi tare ake gadonsu. Babarbaren nan ya yi magana ne a cikin gadonsa, yarinyar ta san haka, shi ya sa ta rama tana dariya. Abokinku ɗan gari ba shi da wannan alaƙa da ita, don haka kalmar da ta fito daga bakinsa ba ta da rigar da ta rufe ta farko. Ya kuma ƙara da sana'ar iyayenta, a lokacin da kowa ya san yadda rikicin manoma da makiyaya yake ɗaga hankali duk kaka. Ka gaya masa haka dalla-dalla, kuma ka tuna masa cewa Suratul Hujurati, wadda aya ta 13 a cikinta take cewa an yi mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna, ita ce kuma aya ta 11 a cikinta ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza.

Waya ma ta ƙara wa abin gishiri. Da a fada aka yi maganar, da ya ga fuskarta ta canza tun bai rufe baki ba, da wani ya taka masa ƙafa, da an juya zancen. A rubuce kuwa ba murya, ba fuska, maganar tana nan zaune kowa yana komawa yana karantawa, kuma ana iya ɗaukar hotonta a tura wa 'yan'uwanta da ba su san yadda aka fara ba. Ina ba ku shawara ku bar wasan ƙabila ga baki da baki, rukunin kuma ya tsaya kan aikin ƙungiya.

Game da dawo da ita, kada ka kira ta a waya, kada kuma ka mayar da ita cikin rukunin ba da saninta ba. Kada mai laifin ya tafi shi kaɗai, domin kunya za ta sa ta ce masa ba komai alhali akwai komai. Babarbaren za ka tura, tun da shi ne abokin wasanta, kuma a al'ada ba a mayar da roƙon abokin wasa hannu wofi. Ya tafi tare da wata daga cikin 'yan matan ƙungiyar, su same ta a inda take zaune da la'asar, ya fara da tsokanarta kamar yadda ya saba, sannan ya ce ya zo biko a madadin jama'a. Idan ta sauko, sai a sa rana abokinku ya ba ta haƙuri a gaban waɗannan biyun kawai, kuma kafin ranar ya goge abin da ya rubuta.